Madubin Dare da Ƙafa-uku: Jagora ga Mai Tsaron Gona da Bindiga

Kawuna yana noman masara a bayan Ejura, tafiyar wajen kilomita 100 daga Kumasi. Wata safiya ya kira ni, muryarsa a dushe, ya ce, "Ɗana, zo ka ga abin da gyazbi ya yi mini." Da na je na tarar da gefen gonar da ke kallon fadama ya kwanta gaba ɗaya. Kowane kara an datse shi a karkace kamar da aska, ga kashin dabbar nan mai tsaga a tsakiya birjik a ƙasa. Wanda bai taɓa zuba kuɗin taki da na leburori ba, ya wayi gari ya ga haka, ba zai gane abin da ke sa manomi ya kwana a gona da bindiga ba.

Tun daga lokacin samarinmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi ke tare ni da waya a hannu, suna nuna mini bidiyon Turawan Amurka suna harbin aladun daji cikin duhu, suna cewa, "Yaya, wace na'ura za mu saya?" Amsata ga kowa ɗaya ce. Amfanin kayan nan shi ne ka san abin da ke gabanka, ka tabbatar, kafin yatsanka ya kusanci kunama. Duk abin da zan zayyana a kan wannan na gina shi, har da tsarin abin da za ka fara saya.

Mataki na farko: takardu

Kada ka kashe ko sidi ɗaya sai ka gama da wannan. Bindiga dole ta zama mai rajista wurin 'yan sandan Ghana, da sunanka, kuma ana sabunta lasisinta duk shekara. Lasisin bindiga daban, lasisin farauta daban. Na biyun yana fitowa ne daga Sashen Kula da Namun Daji na Hukumar Gandun Daji. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba ana rufe farauta saboda lokacin haihuwar dabbobi ne, gyazbi kaɗai aka ware, shi ma sai da lasisi. Ɗankunya kuwa da sauran dabbobin da ke cikin jerin masu cikakkiyar kariya, babu watan da ya halatta a taɓa su. Gandun Kogyae da ke kusa da Ejura, da Bomfobiri ta wajen Kumawu, da Owabi da ke bakin Kumasi, ba wuraren shiga da bindiga ba ne ko da rana.

Ga kuma wurin da yawancin mutane ke rufe ido. Ƙa'idojin kare namun daji na 1971, waɗanda ake kira L.I. 685, sun hana farauta da fitila. Fitilar goshin da muka taso muna ganin maharba da ita tana cikin wannan hanin. Fitilar infiraret da ke jikin na'urorin zamani ita ma fitila ce, ko da idon mutum ba ya ganin haskenta, don haka ka ɗauke ta a haka. Majalisar dokoki ta kuma zartar da sabuwar dokar namun daji a 2023. Ka je ofishin sashen da ƙafarka, ka gaya musu abin da ke cin gonarka da irin na'urar da kake son amfani da ita, ka nemi amsa a rubuce. Haka kuma kafin ka sa a aiko maka da madubin da ake ɗaura wa bindiga daga waje, ka tambayi kwastam da 'yan sanda, don kada kayanka su maƙale a tashar jirgin ruwa ta Tema ko filin jirgin sama. Idan ba ka samu izinin harbin dare ba, har yanzu na'urar tana da aiki babba: ka yi kallo da dare, ka gane hanyar dabbar, ka tare ta da sassafe da hasken Allah. Ni haka nake yi a gonar Kawu, kuma haka nake ba kowa shawara.

Mataki na biyu: ka san iri ukun da ke kasuwa

Na farko shi ne mai hoto kore, irin na sojoji. A cikinsa akwai wani bututu da ke tattara ɗan hasken wata da taurari ya ninka shi. Masu kyansa, wato zubi na uku, Amurka tana takura fitar da su, masu arha na zubin farko kuma hotonsu dishi-dishi ne a gefe-gefe. Haske mai ƙarfi yana lalata bututun. Manomi ba ya bukatarsa, mu wuce.

Na biyu shi ne na dijital. Kyamara ce kawai mai jin hasken infiraret, da ƙaramin allo a ciki, da fitilarta. Hotonta baƙi da fari ne, amma yana nuna siffa: kunne, ƙaho, wutsiya, riga, hula. Ana iya amfani da ita da rana ba tare da ta lalace ba. Fitilun iri biyu ne, mai lamba 850 da mai lamba 940. Ta 850 ta fi kai wa nesa, sai dai bakinta yana yin ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, kuma dabba mai wayo tana lura. Ta 940 ta fi ɓuya, amma haskenta bai kai na waccan nisa ba. Matsalar na'urar dijital ita ce duk abin da ke kusa da kai yana mayar maka da hasken. Ganyen masara ɗaya a gabanka ya isa ya yi fari fat ya duhunta duk abin da ke bayansa. Haka ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, haka hazon asuba.

Na uku shi ne madubin zafi. Wannan ba ya neman haske ko kaɗan, ɗumin jiki yake gani. Dabba tana fitowa fara sol a cikin duhun ciyawa, ko baƙa idan ka juya launin. Wajen gano cewa akwai wani abu a can, babu na biyunsa. Wajen sanin mene ne abin, nan ne rauninsa, kuma nan ne hatsarin yake. Suri da dutse da kututture suna riƙe zafin rana har bayan isha'i, su ma su yi fari. Bayan ruwan sama kuwa, da komai ya jiƙe ya yi sanyi ɗaya, hoton yakan zama toka-toka. Ba ya gani ta cikin gilashin mota. Kada ka taɓa nuna shi ga rana. Ɗan ƙaran "ƙyas" da za ka riƙa ji lokaci-lokaci, hoton ya tsaya na ƙiftawar ido, ba lalacewa ba ce, na'urar ce ke daidaita kanta.

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi madubin hannu, kada ka fara da wanda ake ɗaura wa bindiga. Dalili a fili yake. Wanda madubinsa ke kan bindiga, duk abin da ya leƙa ya nuna masa bakin bindiga ke nan, ko saniyar makiyayi ce, ko ɗan maƙwabci.

Mataki na uku: karanta lambobin da ke jikin kwali

Nan nake so ka zauna da ni, domin nan ake cutar mutane. Za ka ga an rubuta cewa na'ura tana gani har mita 1,000 ko fiye. Wannan lissafin na mutum ne a tsaye a fili, kuma ma'anarsa za ka ga ɗigo biyu ko uku masu haske, ba siffa ba. Tsakanin "akwai wani abu" da "gyazbi ne" akwai tazara mai yawa.

Hoton madubin zafi ɗigo-ɗigo ne. Za ka ga 256×192, ko 384×288, ko 640×512; yawan ɗigon shi ne kyan hoton. Sai girman kowane ɗigo, 12 ko 17, sai kuma tsawon idon na'urar da milimita, kamar 19, 25 ko 35. Ɗauki misali mai 384×288, ɗigo 12, ido milimita 25. A nisan mita 100 kowane ɗigo yana rufe kusan santimita 5 na fili. Gyazbi mai tsawon rabin mita zai cika ɗigo goma a tsawo, uku ko huɗu a tsayi. Ka zana wannan a takarda ka gani: dunƙule ne kawai. Ɗan akuya a kwance haka zai fito. Kan yaro da ya tsuguna cikin ciyawa, jikinsa a ɓoye, haka zai fito. A mita 30 kuwa dabbar za ta cika ɗigo fiye da talatin, sai ka ga doron bayanta da yadda take tafiya. Maɓallin zuƙo hoto ba ya ƙara maka komai, ɗigon nan dai yake kumburawa.

Tsawon ido kuma ciniki ne. A na'urar misalin nan mai 384×288 da ɗigo 12, ido mai milimita 35 yana nuna maka faɗin mita 13 a nisan mita 100, mai 25 yana nuna mita 18, mai 19 kuma mita 24. Gonakinmu ba sahara ba ne, ciyawa da rogo da itatuwa sun tsare ko'ina, da wuya ka hango abu a bayan mita 80. Saboda haka 19 ko 25 ya fi maka amfani. Lambar da ake rubutawa da mK tana nuna yadda na'urar ke bambance ɗumin da ya yi kusa da juna. Ƙaramar lamba ta fi, kuma a ƙasa mai laima irin ta Asante mai ƙasa da mK 35 ya cancanci ƙarin kuɗin. Ka nemi mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa don kada ya riƙa tsalle idan ka juya, da mai alamar IP67, wato wanda ruwan sama da ƙura ba sa shigarsa. Pulsar daga Lituweniya, Hikmicro da InfiRay daga Sin, su ne sunayen da za ka fi cin karo da su. Ko wanne ka zaɓa, ka gwada shi da dare a gaban mai sayarwa. Ka sa yaron shago ya tsuguna a bayan mota a nesa, ka ga yadda yake fitowa.

Batir ma abin lura ne. Da dama daga cikin kayan nan suna cin batir mai lamba 18650. Na gaskiya lambar ƙarfinsa, wadda ake rubutawa da mAh, ba ta wuce wajen 3,500. Na taɓa sayen guda huɗu a wani shago an rubuta musu 9,900, a hannu ma ba su da nauyi, kafin ƙarfe goma na dare duk sun mutu. Araha ba ta ado. Ka riƙe na canji biyu a aljihun gaba inda hannunka zai same su cikin duhu, ka kuma yi caji tun da rana, kada ka dogara cewa wuta za ta tsaya da yamma.

Mataki na huɗu: ƙafa-uku

Mutane suna raina wannan, alhali shi ne rabin aikin. Madubi mai zuƙowa a hannun da ya gaji rawa yake yi, ido ba ya iya tantance komai. Ka ɗora shi a kan abin da ba ya motsi, sai ka ga kunnen da ba ka gani ba ɗazu. Kuma mutum ba zai iya riƙe bindiga a kafaɗa minti ashirin yana jira ba. Gajiya ce ke sa a yi harbin gaggawa.

Ƙafa-ukun masu ɗaukar hoton biki, mai siraran ƙafafu da kan roba, ya isa ɗaukar madubin hannu amma ba zai ɗauki bindiga ba. Na bindiga ana so kaurin ƙafarsa ta sama ya kai milimita 32 ko fiye, kuma gara wanda ba shi da dogon wuya a tsakiya, don wuyan nan shi ne ke fara lilo. Na alminiyam ya fi arha, ya fi nauyi, yana ƙara idan ya bugi dutse. Na kabon ya fi sauƙin ɗauka kuma ya fi shan girgiza. Notin da ke ƙasan madubi zarensa kwata ɗin inci ne, wanda ke haɗa kai da ƙafafu kuma uku bisa takwas. Ka duba kafin ka biya, ko ka sayi ɗan ƙaramin mahaɗin da ke daidaita su.

Hanyar ɗora bindiga biyu ce. Akwai sirdi, wato matsi mai leɓe biyu da roba a ciki, wanda ke kama katakon da ke ƙasan bindiga. Wannan yana karɓar kowace irin bindiga, har mai baki ɗaya da yawancin maharbanmu ke riƙewa. Akwai kuma faranti irin na Arca-Swiss ko layin Picatinny da ake ɗaura wa raifal, ya shige kan ƙafa-ukun ya kulle. Ko wanne ne, kada ka matse ƙarfen bututun bindigar kansa, katakon za ka kama, a daidai inda nauyin gaba da na baya suka yi daidai. Masu walda na Magazin a Suame da ke Kumasi za su iya ƙera maka sirdi idan ka kai musu zane, ka sa su liƙa robar taya a ciki. Wanda ba shi da hali kuma ya sami gora uku masu tsawon kafaɗarsa, ya ɗaure su da robar tayar keke tazarar tafin hannu daga sama. Kawu da wannan yake aiki, kuma hannunsa ya fi nawa tsayuwa.

Ga yadda ake kafawa. Ka fara zaro gaɓoɓi masu kauri, sirara sai in dole. Ƙafa ɗaya ta kalli inda kake tsammanin dabbar, kai ka tsaya ko ka zauna tsakanin sauran biyun. Ka danna kowace ƙafa cikin ƙasa da tafin takalminka, domin ƙasar gona bayan ruwa tana nutsewa a hankali. Idan a tsaye kake, sirdin ya zo daidai ƙirjinka yadda za ka ɗan ranƙwafa gaba. Idan kan kujera ne, ka sauke shi, kuma zaman ya fi tsayuwa natsuwa nesa ba kusa ba. Ka rataya jakarka a ƙugiyar tsakiya don ta ƙara nauyi. Ka sassauta kan yadda zai juya da ɗan ƙarfi amma ba zai sunkuya da kansa ba. Duk wannan ka maimaita shi a tsakar gida, bindiga babu harsashi, ido a rufe, har hannunka ya haddace kowane maɗauri.

Mataki na biyar: saiti, ga wanda ya samu izini

Madubin da za a ɗaura wa bindiga dole ya zama an ƙera shi don jure dukanta. Bindigar farauta mai lamba 12 tana da naushi, tana kashe na'urar da ba a yi don ita ba. Ana yin saiti da rana, a wurin da aka amince, da tudun ƙasa a bayan abin bara. Na dijital yana ganin takarda kamar kowace kyamara. Madubin zafi kuwa ba ya ganin zanen tawada, sai ka liƙa abin da ɗuminsa ya bambanta, kamar ledar ruwa mai sanyi ko ɗan gwangwanin da rana ta gasa. Ka harba uku daga kan ƙafa-ukun da za ka yi aiki da shi, ka matsar da alamar zuwa tsakiyar inda suka faɗa, ka sake gwadawa. Bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma iyakarta mita 30 zuwa 40, madubi ba zai ƙara mata ko taku ɗaya ba. Ƙaramin harsashin raifal .22 kuwa, da ake gani kamar wasa, yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi.

Mataki na shida: daren kansa

Aikin dare da rana ake fara shi. Bayan la'asar ka zagaya gonar, ka ga inda sawu ke shiga. Ka zaɓi wurin zama inda iska ke busowa daga wajen dabbar zuwa gare ka. Ka auna nisa da taku, ka kafa turaku a mita 20, 30 da 40, domin a cikin madubi nisa yana ɓacewa. Ka san inda hanya take, inda bukkar maƙwabci take, inda rugar Fulani take, ka yanke wa kanka ɓangaren da bakin bindiga ba zai taɓa kallo ba. Sannan ka gaya wa mai gonar kusa da mai unguwa cewa za ka kwana a wurin.

A nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma ba ya jira. Ka zauna kafin magariba, ka yi sallarka a wurin. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, allon madubi kuma yana rushe wannan cikin daƙiƙa. Ka rage haskensa ƙasa sosai, ka riƙa leƙawa da ido ɗaya, ka bar ɗayan don tafiya. Ka sa takalmi mai tsawo. Kasa da kububuwa jikinsu yana bin ɗumin ƙasa, madubin zafi ba zai nuna maka su yadda yake nuna zomo ba.

Wani dare a gonar Kawu, wajen ƙarfe tara, na ga farin dunƙule a bakin fadama, bayan turken mita 40. Yana motsi kaɗan-kaɗan, yana tsayawa, daidai yadda gada ke kiwo. Kawu ya raɗa mini, "Nama ne." Na ce, "Kawu, mu ɗan jira." Na bar madubin a kan ƙafa-uku, na koma na dijital, ciyawa ta tare. Minti kusan goma muna zaune, sauro na cizo. Sai dunƙulen ya miƙe tsaye, ya kunna 'yar tocila. Yaro ne, bai fi shekara goma sha biyu ba, da bokiti a hannu, yana tsintar dodon-koɗi, ya kashe tocilar ne don batirinsa ya yi sanyi. Kawu ya daɗe yana maimaita Innalillahi. Har yau idan na tuna gabana yana faɗuwa. Saboda haka ƙa'idata ba ta da sassauci: sai na ga kai, na ga ƙafafu huɗu, na ga tafiya, na kuma san abin da ke bayan dabbar. In ɗaya ya ɓace, babu harbi, ko da masarar duka za ta tafi.

In komai ya cika, ka ambaci sunan Allah kafin ka taɓa kunama. In ka tarar da dabbar da sauran rai, ka yanka ta nan take, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ɗamararka. Wadda ta gudu da rauni kada ka bar ta ta kwana tana wahala. Imam Malik ma ya karhanta cin abin farautar da ya ɓace wa maharbi har ya kwana. Nan madubin zafi yake biyan kuɗinsa, domin jikin dabba yana riƙe ɗumi na ɗan lokaci, kana iya hango ta cikin ciyawar da tocila ba za ta nuna ba. Ka cire harsashi kafin ka bar wurin zamanka.

Da ka dawo gida, ka fitar da batir. Kada ka goge idon na'urar da gefen riga, ƙurar hunturu tana karce shi. Ka fara hure ta, sannan ka shafa da tsumma mai laushi na tabarau. Raɓa takan jiƙa komai, don haka ka bar kayan su sha iska a inuwa kafin ka rufe su. Laimar Kumasi tana sa gilashi ya yi funfuna daga ciki, ka ajiye madubin a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ƙafafun ƙafa-ukun kuma ka zare su gaba ɗaya, ka wanke jar lakar da ta shiga maɗauran, ka jingine su a buɗe har su bushe.